Mahaifina Ya Fi Son Babur Mai Sifika

Assalamu alaikum Malam Misbahu. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin nan ya kai ni inda ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Na san an fi kawo wa filinka maganar aure da rikicin gado, wataƙila ka yi dariya in ka ji wai sifikar babur ce ta sa magidanci ya zauna yana rubutu. Yi dariyarka Malam, amma ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ni ɗan acaɓa ne a Daura, ina da mata da yara ƙanana, babur ɗin kuma nawa ne na kaina, ba na wani Alhaji ba. Mahaifina dillalin dabbobi ne, tun yana saurayi kasuwar Mai'adua ba ta ci ba ya nan. Da can motar kasuwa yake bi. Bara ciwon gwiwa ya kama shi, matsin mota ya gagare shi, ga tafiyar ƙasa daga inda ake sauke mutane zuwa kara, wurin da ake cinikin shanu. Sai ya zama dole a ɗauke shi a babur daga ƙofar gida har bakin kara. Wallahi da na ji haka har wani daɗi na ji a raina, ba don ciwon ba, Allah ya sani, sai don na ga ga ranar da sana'ata za ta yi wa Baba amfani.

Ranar kasuwar farko na wanke babur tun da asuba, na ninka bargo na shimfiɗa a kan kujera, na tsaya a ƙofar gida. Baba ya fito da sandarsa, ko inda nake bai kalla ba. Sai ga Maharazu ya kunno kai, karatun Alƙur'ani na tashi daga babur ɗinsa. Ashe Baba ya aika a kira shi tun jiya. Ya hau, suka tafi, suka bar ni da bargona.

Bari in gaya maka wane ne Maharazu. Maƙwabcinmu ne, tare muka yi makarantar allo, tasha ɗaya muke tsayawa. Ni na koya masa tuƙi, a kan babur ɗina ya koya, har madubi ya taɓa fasa mini ban ce masa komai ba. To a daidai lokacin da ciwon Baba ya tashi ne ya sa wa babur ɗinsa sifika, 'yan ƙanana guda biyu kusa da madubai, da wurin sa memori. Ba zan yi ƙarya ba, muryarsu fes take. Ko a guje yake, na baya yana jin kowane harafi. Ka san yadda gari ya zama tun da aka shigo da shari'a, dattijo ba ya son a gan shi inda kiɗa ke tashi, amma in karatu ne ko tafsiri, sai ka ga yana gyaɗa kai. Nan da nan dattawan unguwa suka koma wurinsa. Wannan bai dame ni ba, kowa da rabonsa. Amma har da ubana?

Mako ya zagayo, haka aka yi. Wani makon ma haka. Na kasa haƙuri na roƙi Inna ta bugi cikinsa. Ta dawo ta ce mini wai ya ce karatun nan yana rage masa nisan hanya. Shi ke nan abin da ya ce.

Na san abin da za ka ce, don Inna ma ta faɗa, matata Hasana ma ta faɗa. Ni ne ɗan fari. Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da na yi wayo, sai dai ya ce wannan yaron, ko ya ce kai. Kakarmu ta wajen uba Bafulatana ce, kunyar nan a gidanmu har ta yi yawa. Amma Malam, hawa babur kiran suna ne? Aiki ne fa. Ga Suhaibu abokin aikinmu, kullum shi ke kai babansa gona, ba wanda ya mutu. Kuma Baba da bakinsa ya ce karatu ne dalili. Ni na riƙe abin da ya faɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai tasha ce. Akwai wani Ɗantsoho a cikinmu, bakinsa ba ya shiru. Duk ranar kasuwa sai ya tambaye ni a gaban jama'a wai ko an yi musanyar 'ya'ya ne a unguwarmu ba a gayyace su walima ba. A yi ta shewa. Ni ma in yi yaƙe kamar abin bai dame ni ba. In na hango Maharazu ya dawo daga Mai'adua yana murmushi, Baba ya ba shi goro ko ya yi masa addu'a, wallahi Malam sai in ji na tsane shi. Kishi nake yi, ba sai an gaya mini ba. Addu'ar nan tawa ce yake karɓewa.

Sai na ce to, tunda sifika ce, bari in sa wadda ta fi tasa. Akwai mai sayar da su a nan Daura, Maliki, shi ya sa wa Maharazu nasa. Na ƙi zuwa wurinsa, don na san kafin in fita daga shagon labari ya kai tasha cewa ina kwaikwayon Maharazu. Na shirya a ɓoye na hau motar Kano, ko Hasana ban gaya wa gaskiyar inda za ni ba.

A can na haɗu da wani saurayi mai zaƙin baki, ya baza kaya a tebur a gaban wani shago. Ya ɗauko mini wasu manya, kowace ta yi biyun ta Maharazu, ya ce 'yan Kwatano ne, ba irin tarkacen da ake kai wa ƙauye ba. Ya ɗora mini ɗaya a hannu in ji nauyi, ya ce nauyin nan shi ne shaidar na gaske. Ya jona su da wani ƙaton batirin mota da ke ƙarƙashin teburin, ya saki kiɗa, har a ƙirjina nake jin dukan. Ya rantse, ya sake rantsewa. Ni kuwa a lokacin ba sifika nake gani ba, fuskar Ɗantsoho nake gani in na shigo tasha da su. Ban ko yi dogon ciniki ba.

Na dawo na sami wani bakanike a bayan gari, wanda wayarin ba aikinsa ba ne, ya ɗaure mini su da roba, ya jona su kai tsaye da batir. Ranar kasuwa na sake tsayawa a ƙofar gida, na sa karatu na ƙure murya, har maƙwabta suka leƙo. Da farko lafiya lau. Jim kaɗan sai ƙara ta fara fashewa, kamar ana suyar ƙosai, muryar malamin ta riƙa shaƙewa, can sai ɗif. Na danna hon, shiru. Na kunna fitila, ko ƙyalli. A daidai nan Baba ya fito. Kansa a ƙasa ya wuce ni, ya je ya hau na Maharazu. Shi kuma da zai ja, sai ya rage muryar tasa sifikar har suka sha kwana. Wannan ragewar ta fi komai yi mini ciwo, tausayina yake ji ke nan. Da ya yi mini dariya ma ya fi mini sauƙi.

Na yi cajin batir na ci gaba da lallaɓa su, ruwan farko na damina ya ƙarasa su. Da na kwance ɗaya don takaici, sai na tarar da guntun ƙarfe an manna a ciki don ya yi nauyi, maganaɗisun kuwa ɗan mitsitsi. Na koma Kano a fusace. Babu tebur, babu saurayi, mai shagon ya ce shi bai ma san sunansa ba, ya dai bar shi ya raɓa ne na 'yan kwanaki.

Bayan haka Maharazu ya same ni a gida, ya ce in zo ya raka ni wurin Maliki. Har da ƙara mini da cewa wai a hanya Baba yana yawan tambayarsa ko na canza tayata ta baya da ta suɗe, kuma ko har yanzu ina gudun nan nawa. Ka ji fa! Ya zo ya nuna mini su suna hira, ni ko kallo ban ishi Baba ba. Na gaya masa maganganu marasa daɗi, na ce ya fita mini daga gida. Tun ranar gaisuwa ma da ƙyar muke yi.

Yanzu ga inda nake. Akwai tunkiyar da muke kiwo ni da Hasana, ina so in sayar in sayi sifika ta gaske har da amfilifaya mai ƙara mata ƙarfi, wadda in na tayar a ƙofar gida sai an ji a bakin kasuwa. Hasana ta ce ba da yawunta ba, har ta yi kwana biyu tana shan ƙamshi. Ka gaya mini yadda ake gane mai kyau, da yadda zan gane mai sayarwa mai amana, amma don Allah kar ka ce Maliki.

Sai abu na ƙarshe, shi ne ma ya fi cin raina. Na san Maharazu memori biyu gare shi. Ɗaya na karatu, na dattawa. Ɗayan waƙoƙin soyayya ne zalla, in ya ɗauki samari ya fita bayan gari shi yake sakawa. Baba bai sani ba, yana ganinsa kamar wani waliyyi. Zuciyata tana ce mini in gaya wa Baba, wani lokacin ma ta ce in tsegunta wa 'yan hisba. Ai gaskiya ce zan faɗa, ko ba haka ba? Ka ba ni amsa, ni dai so nake ubana ya hau babur ɗina ko sau ɗaya ne.

Naka,
Ɗan acaɓa mai ƙunar zuci, Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Ban yi dariya ba. Mutumin da ya shimfiɗa wa mahaifinsa bargo a kan kujera ba abin dariya ba ne, Allah ya yi maka albarka. Bari mu fara da sifikar tunda ita ka tambaya, sannan mu zo kan abin da ya hana ka cin abinci.

Abin da ya kashe maka batir ba ɓoyayye ba ne. Batirin babur ƙarami ne, wutar da injin ke mayar masa kuma kaɗan ce. An gwada maka kaya a batirin mota, ka kawo ka ɗora wa na babur. Ko da na gaske ne, da haka za su shanye shi. Saboda haka ka cire amfilifaya daga ranka, ka bar wa Hasana tunkiyarta. Abin da ya dace da kai ƙanana ne waɗanda don babur aka yi su. Kar ka kula da manyan lambobin da ake rubutawa a jikin kwali, kar kuma ka sake auna kyau da nauyi, ka riga ka ga abin da ake mannawa a ciki.

Gwaji a kan babur ɗinka za a yi shi, ba a kan teburin kowa ba. A jona, a tayar da injin a bar shi yana aiki a hankali, ka kunna fitila, ka danna hon. In fitila ta dushe ko hon ya shaƙe, sun fi ƙarfin babur ɗinka. Kuma da karatu za ka gwada, ba da kiɗa ba. Ganga tana rufe aibin sifika, muryar mutum ita ke tona shi. Ka ƙure murya ka saurara ko haruffa suna fita ba fashewa. Ka duba fuskarsu, in takarda ce a fili ruwa zai cinye ta, ka nemi mai rufi. A ɗaure su da ƙarfe da noti, roba ba ta jure gargadar hanyoyin ƙauye. Mai wayarin na sosai ya haɗa, ya sa fiyus, ya bi da wayar ta makulli yadda in ka kashe babur su ma sun mutu. In ka hau titi kuma ka rage murya, kunnenka na jin babbar mota a bayanka ya fi maka komai.

Mai sayarwa kuwa, ka nemi mai shago da ƙofa, wanda ya daɗe a wurin. Wanda zai fara tambayarka wane irin babur gare ka kafin ya ɗauko kaya. Wanda zai ɗaura da hannunsa, ya yarda a gaban mutum biyu cewa in sun ba da matsala ka dawo. In ya hana ka sayen mai tsada ya nuna maka wadda ta dace da kai, riƙe shi. Mai yawan rantsuwa tun ba ka musa masa ba, ka yi gaba.

Ka ce kar in ce Maliki. To, Maliki. Ban san shi ba, amma kai ka ba da shaidarsa: kayan da ya sa wa Maharazu sun yi rani sun yi damina, muryarsu fes. A gari irin Daura ba takarda ce ke tsare mai saye ba. Abin da ke tsare shi, mai shagon ya san gobe za ku haɗu a masallaci, jibi a wurin suna, kuma ya san mahaifinka. Kai kuma ka tsallake wannan duka, ka tafi inda ba wanda ya san ka don kar a yi maka dariya. Inda ba a san ka ba, ba mai jin kunyar cutarka. Ɓoyon nan shi ya miƙa ka ga mai tebur.

Maganar memori na biyu, ka bar ta. Ka san da shi tun tuni bai dame ka ba sai da Baba ya hau babur ɗin, ka ga ke nan ba kishin addini ba ne. In nasiha kake so ka yi, ka same shi ku biyu. Kuma ka yi tunanin abin da zai biyo baya in ka yi nasara. Baba zai bar Maharazu, amma ba naka zai hau ba. Wani baƙo zai nema, wanda bai san ciwonsa ba, ya riƙa faɗawa rami da shi.

Na faɗi haka ne don ban yarda sifika ce ta raba ka da shi ba. Ka ce hawa babur ba kiran suna ba ne. Ya fi kiran suna, ƙanena. Ka taɓa tsayawa ka kalli yadda mai ciwon gwiwa ke hawa babur? Sai ya dafa kafaɗar mai tuƙi. Wani lokaci sai an kama masa ƙafa an ɗaga. A gargada zai yi nishi, zai ce a tsaya ya miƙe ƙafa, zai riƙe rigar na gabansa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana kunyar furta sunanka, shi kake so ya yi nishi a bayan kunnenka? Da Inna ta tambaye shi, ya ba ta amsar da ta fi sauƙin faɗa. Ban ce ƙarya ya yi ba, yana jin daɗin karatun. Amma ko lasifikar masallacin Juma'a ka ɗaura, ina jin da ƙyar ne. Baban Suhaibu da ka kawo misali, ka bincika, ko dai Suhaibu ba ɗan fari ba ne, ko gidansu ba irin naku ba ne.

Ba ina wanke al'adar nan gaba ɗaya ba ne. Yayana ɗan fari ne, ya girma yana ganin mu ake ja a jiki, abin ya daɗe yana cinsa. Ciwonka na gaske ne, tsokanar tasha ma da zafi. Amma ka yi wa Maharazu gurguwar fahimta. Tambayar taya da gudu ba hirarsu ba ce, saƙo ne. Baba ba zai iya tsayar da kai ya ce yana tsoron ka faɗi ba, sai ya faɗa wa wanda ya san zai kawo maka. Yaron ya kawo, ka kore shi. Baba har tsayawa ya yi ya duba tayarka ta baya, kai kana cewa ko kallo ba ka ishe shi ba.

Ga abin da nake so ka yi. Ka je ka ba Maharazu haƙuri, ba sai an yi dogon bayani ba. Ka canza tayar nan kafin ka sayi ko wayar sifika, ka tabbata labarin ya koma inda ya fito. In har yanzu kana son sifika don sana'arka, ku je wurin Maliki tare da rana tsaka, Ɗantsoho ya yi surutunsa ya gaji. Ranar kasuwa kuma ka ba Maharazu bargon nan ya shimfiɗa, kai ka ɗauki igiyoyi da sauran kayan Baba ka bi su a baya. Baba ba zai ce maka komai ba, amma zai san a kan me yake zaune.

Ka ce so kake ya hau babur ɗinka ko sau ɗaya. Zai hau. Akwai ranar da jiki zai yi rauni har ƙarfin jin kunya ya ƙare, ranar kai za ka ɗaga masa ƙafa, zai kuma riƙe ka da hannu biyu ba tare da ya tambayi ko kana da sifika ba. Kar ka yi gaggawar zuwan ranar nan. Duk safiyar da ya fito da sandarsa ya wuce ka kansa a ƙasa, ka gode wa Allah, da sauran ƙarfinsa ke nan.

Allah ya ba shi lafiya da nisan kwana, ya sanyaya maka zuciya, ya tsare ku a hanya kai da abokinka. Ka gaida Hasana.

Malam Misbahu